Ƙarin Ƙarfi a Kan Tsohon Ƙarfe: Sufacaja da Juriyar Kayan Mota a Hanyar Amarawa

Garin Amarawa, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, yana ƙarshen babbar hanyar A1 wadda ta taso tun daga Legas, ta ratsa birnin Sakkwato da Kware da Gwadabawa, kafin ta miƙa matafiyi ga Birnin Konni, inda daga nan ake nufar Yamai ta yamma, ko Maraɗi da Damagaram ta gabas, ko kuwa Tawa da Agadas ta arewa. Motocin da ke neman abinci a wannan hanya, tun daga Golf da Sharan masu jigilar fasinja, da bas ƙirar Hiace, da a-kori-kura ƙirar Hilux, har zuwa Kanta da tireloli masu dakon shanu da albasa da wake da siminti, da yawansu suna ɗauke da nauyin da ya zarce abin da maƙeransu suka ƙayyade, don haka ba abin mamaki ba ne mai mota ko direba ya yi kwaɗayin duk wata dabara da za ta ƙara wa injinsa ƙarfi. Daga cikin dabarun da wayar hannu ta kawo labarinsu daga Amurka da Ostareliya akwai ɗora wa injin wata na'ura da ake kira sufacaja, kuma tambayar da wannan lacca ta sa a gaba ita ce: idan aka sayo wannan na'ura daban aka ɗora wa injin da kamfani ya ƙera ba tare da ita ba, shin kayan cikinsa na asali, da kuloci da giya da aksul da ke bayansa, za su jure ƙarin ƙarfin, kuma na tsawon wane lokaci?

Injin fetur yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda, kuma domin mai ya ƙone tas yana buƙatar iska mai nauyin da ya ninka nasa kimanin sau 14.7. Zuba mai abu ne mai sauƙi, iska ce ke da wuyar samu, saboda injin da ba shi da mataimaki yana zuƙar iska ne gwargwadon abin da nauyin sararin samaniya ya tura masa, wanda ake auna shi da kimanin bar 1 a gaɓar teku. Sufacaja famfo ce ta iska da ake juyawa da bel daga karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa, aikinta kuwa shi ne cusa wa silinda iska fiye da yadda za ta iya zuƙa da kanta, ta yadda za a ƙara mai daidai da ƙarin iskar a samu fashewa mai ƙarfi. 'Yar'uwarta turbo, wadda direbobin manyan motoci suka fi sani, aiki ɗaya suke yi, sai dai ita hayaƙin salansa ne ke juya ta. Dabarar ta daɗe: 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiana ta Amurka, sun yi rajistar famfon iskarsu a 1860 domin hura wutar narka ƙarfe, Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi rajistar turbo a 1905, kamfanin Mercedes kuma ya nuna motocinsa masu sufacaja a Berlin a 1921. Idan aka ƙara matsin iska da rabin bar, a lissafi silinda za ta karɓi iska kusan ninki ɗaya da rabi, amma abin da ke isa taya bai kai haka ba, domin ita kanta sufacaja tana cinye wani kaso na ƙarfin da injin ya samar kafin ta juya. Wannan yana nufin wahalar da fistin da karanshaf ke sha a ciki ta fi ƙarin gudun da direba ke ji a ƙafarsa.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ƙarin matsi ke buƙata ita ce a dubi abin da kamfanoni da kansu suke canzawa idan za su fitar da injin mai sufacaja ko turbo daga masana'anta. Motocin Mercedes masu rubutun Kompressor a bayansu, waɗanda suka shigo ƙasar nan da yawa a matsayin kwancen Turai ta Kwatano da Legas, misali ne da kanikawa suka sani. Injin M111 mai lita 2.3 yana matse cakuɗen iska da mai har sau 10.4 idan babu sufacaja, amma da aka ɗora masa ita a masana'anta sai aka rage matsin zuwa 8.8. Haka Toyota ta yi a 1986 da ƙaramin injinta 4A-GZE, inda ta sauko da matsi daga 9.4 zuwa 8.0, ta kuma sa masa fistin da aka ƙera ta hanyar dukan ƙarfe, wanda ya fi na zubi juriya. Wannan adadi da ake kira ma'aunin matsewa shi ne yawan ninkin da fistin ke takure cakuɗen tun daga ƙasan silinda zuwa samanta, kuma ana rage shi ne domin cakuɗen da aka riga aka matse a waje kada a sake matse shi a ciki har ya wuce iyaka. Mai sayen sufacaja daban yana tsallake duk wannan aiki, yana ɗora ƙarin matsi a kan fistin da gasket da aka ƙera domin wani lissafi dabam.

Duk da haka injin ba ya tarwatsewa ranar da aka ɗora masa na'urar, dalili kuwa shi ne injiniyoyi ba sa ƙera kaya daidai-wa-daida da nauyin da za su ɗauka, suna barin rarar juriya domin ranar zafi, da ranar mai marar kyau, da direba marar tausayi, da tsufa. Ana iya kwatanta wannan rara da hatsin da magidanci ke bari a ƙasan rumbu domin shekarar da damina ta ƙi: rumbun ɗaya ne, kuma duk wanda ya ɗiba, ko don biki ko don yunwa, daga wuri ɗaya yake ɗiba. Ƙarfe kuma ba ya nuna alamar an ɗibi rararsa. Tun a shekarun 1850 da 1860 injiniyan jirgin ƙasa na Jamus August Wöhler ya nuna, ta hanyar gwajin aksul na taragai, cewa ƙarfe yana karyewa a ƙarƙashin nauyin da bai kai ƙarfinsa ba muddin aka yi ta maimaita ɗora masa nauyin ana saukewa, saboda wata 'yar tsaga da ido ba ya gani tana girma a hankali har ranar da abin da ya rage bai isa ya riƙe ba. Ana kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma abin da ya sa take da haɗari shi ne ƙaramin ƙari a nauyi yana jawo babban ragi a tsawon rai. Ga boris masu ƙwallo, irin waɗanda ke cikin giya, ƙa'idar da masana'antu ke aiki da ita tun bayan binciken Lundberg da Palmgren na 1947 ita ce tsawon rai yana raguwa daidai da ninkin nauyi sau uku a kansa, wanda ke nufin ƙarin nauyi na kashi 40 cikin 100 yana mayar da rayuwar boris kusan kashi ɗaya bisa uku na yadda take. Giyar da da za ta yi shekara tara sai ta yi uku, kuma a shekara ta farko da ta biyu mai motar zai rantse babu abin da ya same ta.

Wajibi ne a yi wa masu cewa kayan asali suna jurewa adalci, domin maganarsu tana da tushe. Sashen tsere na kamfanin Toyota, wato TRD, ya daɗe yana sayar da sufacaja a Amurka domin injina irin su 5VZ-FE mai lita 3.4 da 1GR-FE mai lita 4.0, ana ɗora su ba tare da an buɗe cikin injin ba, kuma idan dillalin kamfanin ne ya ɗora, garantin motar yana nan, har zuwa 2015 da kamfanin ya daina wannan sana'a. Motoci da dama sun yi tafiya mai nisa da su. Sai dai sharuɗɗan da suka sa hakan ya yiwu su ne ainihin darasin: matsin iskar ƙarami ne, kusan rabin bar ko ƙasa da haka, ana buƙatar fetur mai daraja ta sama, kuma a kan injin 3.4 sai da aka fito da ƙarin nozul na bakwai domin cike giɓin mai a lokacin da injin ke cikin matsi. Akwai kuma sharaɗin da ba a rubuta a takarda ba, wanda ya fi duka nauyi. Mai irin wannan mota a Amurka yakan taka totur har ƙasa na daƙiƙa goma ko ashirin domin ya wuce wata mota ko ya shiga babbar hanya, sannan ya saki, injin ya koma tafiya cikin sauƙi ya huce. Direban Hiace da ya ciko fasinja da buhuna daga tashar Illela zuwa Sakkwato, ko mai Hilux da ya nufi Agadas, ƙafarsa tana kan totur ne kusan tafiyar duka. Na farko yana taɓa rarar injin jefi-jefi, na biyu kuwa a cikinta yake wuni.

Zafin ƙasar nan shi ne farkon mai ɗiban rarar. Duk iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, kuma sufacaja irin ta Roots, wadda ake yawan samu a kasuwar kayan ƙari, ba ta da ƙwarewa sosai wajen matsewa, don haka zafin da take haifarwa ya fi na lissafin littafi. Idan aka ɗauka ingancinta kashi 60 cikin 100 ne, aka kuma matse iska da rabin bar a ranar da zafin waje yake digiri 15, kamar yadda aka saba a Turai, iskar za ta shiga injin tana da kimanin digiri 74. Idan aka yi wannan aiki a watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, lokacin da zafin inuwa kan haura digiri 42, iskar za ta shiga tana da fiye da digiri 100, ba a ma sa zafin kwalta da na ƙarƙashin bonet a lissafin ba. Ana rage wannan da intakula, wato wani ƙaramin lagireto da iskar ke bi ta cikinsa ta huce kafin ta isa silinda, amma shi ma da iskar waje yake sanyayawa, kuma ba zai iya saukar da zafi ƙasa da na ranar ba. Lagireton motar kansa an auna girmansa ne da zafin da injin asali ke fitarwa, alhali ƙona ƙarin mai yana nufin ƙarin zafin da dole ruwa ya kwashe. Al'adar da ta yaɗu a garejin ƙasar nan ta cire tamostat, wato ƙaramin murfin da ke daidaita zagayawar ruwa, da zuba ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, ba ta ƙara wa lagireto girma, abin da take yi shi ne tara tsatsa da gishiri a cikin bututunsa har faɗinsa ya ragu.

Zafin iska yana da muhimmanci haka ne saboda shi ke buɗe ƙofa ga babban makashin injin fetur mai matsi, wato ƙwanƙwasa. A ƙonewa mai kyau fulogi ne ke kunna wuta, harshenta ya bazu cikin tsari daga tsakiya zuwa gefe yana tura fistin a hankali. Idan cakuɗen ya yi zafi da matsi fiye da abin da fetur ɗin zai iya jurewa, ragowar da ke gefen silinda sai ta fashe da kanta gaba ɗaya kafin wutar ta iso, ta haifar da wani bugu mai kaifi da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan bugu yana share siririn lulluɓin iskar da ke kare saman fistin daga harshen wuta, yana karya bakin ramin da ringi ke zaune, yana huda gasket, yana kuma daka metal ɗin kwanrod, wato siraran faifan da ke tsakanin sandan fistin da karanshaf, har fim ɗin baƙin mai da ke raba ƙarfe da ƙarfe ya tsage. Kwanrod na asali sau da yawa yana iya ɗaukar ƙarin matsi mai tsari na matsakaiciyar sufacaja, domin abin da ya fi gajiyar da shi shi ne saurin juyawar injin, wanda nauyinsa ke ƙaruwa da ninkin saurin a kansa, amma babu fistin zubi da zai daɗe a ƙarƙashin ƙwanƙwasa mai tsanani, kuma a cikin ƙarar mota mai lodi a kan hanya mai gargada direba ba lallai ya ji ta ba. Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ake aunawa da lambar okten. Fetur na yau da kullum a Turai yana da lamba 95, wanda ake sayarwa a Nijeriya kuwa ma'auninsa bai kai haka ba, kuma gidajen mai na wannan yanki ba su saba ajiye daraja biyu ba balle mai mota ya zaɓa. A bakin iyaka matsalar ta ƙaru, domin wani kaso na man da motoci ke sha yana fitowa ne daga jarkokin 'yan bumburutu, ya sha rana, mai yiwuwa ya haɗu da ruwa ko ƙura ko kananzir, kuma ko a gidajen mai an ga abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata motoci a Legas da Abuja. Injin asali yana da na'urar jin ƙwanƙwasa wadda ke sa ƙwaƙwalwar mota ta jinkirta wutar fulogi ta kare shi, amma iyakar jinkirin da aka tsara mata na injin marar matsi ne.

Daga nan sai batun isar mai. Ƙarin iska ba tare da ƙarin fetur ba yana sa cakuɗen ya zama tsinkakke, wutarsa ta fi zafi, alhali injin da ke cikin matsi yana buƙatar cakuɗe mai kauri, kusan kashi 12 na iska ga kashi 1 na mai, saboda rarar fetur ɗin tana sanyaya silinda. Nozul da famfon mai na asali an auna su da buƙatar injin asali da 'yar rara kaɗan, famfon da ya tsufa ko matatar da datti ya toshe kuwa ko wannan rarar ba su da ita. Gyaran wannan yana buƙatar manyan nozul, da sabon famfo, da sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar mota a kan na'urar gwaji mai auna ƙarfi da hayaƙi. Kanikawan unguwar Buzaye a Sakkwato, da takwarorinsu na Illela da Konni, gwanaye ne wajen raya injin da wasu ƙasashe da tuni sun jefar, kuma ba a raina wannan basira, sai dai daidaita mai da wuta a ƙarƙashin matsi aiki ne da kunne da ido ba sa iya yi, dole sai da ma'auni.

Ƙurar hunturu da yashin gefen hanya suna nasu aikin a hankali: injin da ke zuƙar ƙarin iska yana zuƙar ƙarin ƙura, matatar iska tana toshewa da wuri, kuma abin da ya kuɓuce mata yana goge fikafikan sufacaja da bangon silinda. Baƙin mai na jabu, ko wanda aka bari ya wuce lokacinsa, yana ƙarasa abin da ya rage. A tuna kuma mafi yawan motocin wannan hanya sun riga sun yi rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su iso.

Abin da ke bayan injin ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne lodi da sufacaja ke haɗuwa ta hanyar da ba kowa ke lura da ita ba. Yawan lodi yana danne sifirin da taya da boris ɗin ƙafa, shi ya sa ake ƙara wa a-kori-kura ganyen sifirin, amma ba ya ƙara iyakar murɗin da ke ratsa kuloci da giya, saboda wannan iyaka injin ne ke yanke ta. Murɗi shi ne ƙarfin juyawa da karanshaf ke bayarwa, kuma komai nauyin kayan da aka ɗora, injin ba zai iya aika wa giya fiye da abin da yake da shi ba, in ya gaza sai ya nemi a sauko giya ko ya mutu. Da wannan, raunin injin asali kariya ce ga duk abin da ke bayansa: lodi yana tsawaita lokacin da giya ke aiki a iyakarta, amma iyakar tana nan inda injiniya ya ajiye ta. Sufacaja tana ɗaga wannan iyaka, kuma irin ta Roots tana ba da ƙarin murɗinta ne tun injin yana juyawa a hankali, daidai lokacin da mota mai nauyi ke tashi daga tsaye ko ke fita daga yashi. Sakamakon shi ne iyaka ta ɗagu, lokacin zama a kanta kuma ya daɗe, abubuwa biyu da ke ninka juna. Kuloci ne yakan fara nunawa, ya riƙa sulɓewa a manyan giyoyi yana wari, kuma wannan ita ce mafi arhar gazawa. Wanda ya maye gurbinsa da kuloci mai tsananin kamu ya tura bugun ne zuwa haƙoran giya, da mahaɗan farfela, da haƙoran aksul na baya, ko kuma shaf ɗin ƙafar gaba a motoci irin su Golf da Sharan. A mota mai giya otomatik zafi ne ke kisa, domin ƙarin murɗi yana ƙara sulɓi a cikin faifanta, man giya ya ƙone ya yi baƙi, sulɓin ya ƙaru. Bel ɗin sufacaja shi ma yana jan hancin karanshaf gefe guda da ƙarfin da ba a tsara metal ɗin gaba ya ɗauka ba.

Burki ba ya cikin kayan da ke isar da ƙarfi, amma barinsa a wannan magana zai zama sakaci da rayukan mutane. Ƙarfin da burki zai kashe yana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa, ta yadda motar da ta tashi daga kilomita 100 a sa'a zuwa 120 tana buƙatar burkin ya haɗiye ƙarin kashi 44 cikin 100, a kan lodin da tuni ya wuce ƙima, bisa tayoyin kwance da kwalta mai zafi ta gasa, a hanyar da ke ratsa garuruwa masu kasuwa a bakin titi, inda yara da dabbobi da masu babur ke tsallakawa. Asarar injin kuɗi ce, wannan kuwa ba a biyan ta.

A ɓangaren dizal, wanda ya fi kusa da abin da ake gani a yankin Sahel, misalin Land Cruiser ya isa. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, ba shi da turbo, ƙarfinsa kimanin doki 130 ne, kuma sunan da ya yi a hanyoyin sahara ya samo asali ne daga wannan ƙarancin ƙarfi a jiki mai girma. Ɗan'uwansa 1HD-T mai girma ɗaya yana da turbo daga masana'anta, yana ba da fiye da doki 160, amma an rage ma'aunin matsewarsa daga sama da 22 zuwa 18.6, an canza fistin, an kuma sauya yadda ake fesa mai daga ƙaramin ɗakin share fage zuwa kai tsaye cikin silinda. A Ostareliya, inda ɗora wa 1HZ turbo ya zama ruwan dare, abin da aka sani shi ne injin yana jurewa idan matsin ƙarami ne kuma an sa ma'aunin zafin hayaƙi direba yana kallo yana sassauta ƙafa, idan kuwa aka buɗe famfon mai da yawa fistin da ɗakunan share fagen suna tsagewa. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da al'adar sa a ƙara wa famfon dizal mai domin mota ta ja lodi: baƙin hayaƙin da ke biyo baya mai ne da bai sami iskar ƙonewa ba, kuma zafin da yake bari a kan fistin na alminiyom, ƙarfen da ke narkewa a kusan digiri 660 yake kuma fara laushi tun kafin rabin haka, shi ne irin zafin da ke kashe injin da aka ɗora wa turbo ba bisa ƙa'ida ba.

Lissafin kuɗi ma ba ya goyon bayan mai motar haya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 mai ya zama mafi girman kashin kuɗin tafiya, injin mai sufacaja da ake takawa kuwa dole ya fi shan mai. Kasuwancin iyaka kuma ba shi da tabbas: an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Wanda jarinsa mota ɗaya ce, a sana'ar da za ta iya tsayawa wata da watanni, yana buƙatar injin da kowane bakanike zai iya gyarawa da kayan da ake samu a Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, alhali bel ko boris na sufacajar da aka sayo daga waje sai an yi odarsa, kuma albasa ko shanun da ke bayan motar ba za su jira ba.

Wanda motarsa ta ƙashin kansa ce, ba ta lodi ba, kuma ya dage sai ya ɗora, akwai sharuɗɗan da ke rage haɗarin: a fara auna matsin kowace silinda da matsin baƙin mai a tabbatar injin lafiyayye ne, a tsaya a ƙaramin matsi, a sa intakula da babban lagireto, a sa wa giya otomatik nata mai sanyaya mai, a daidaita ƙwaƙwalwar da fetur ɗin da ake samu a nan, a kuma girka ma'aunin cakuɗen mai da na zafi a gaban direba. Ga motar haya kuwa, yawancin ƙarfin da direba ke jin ya rasa yana nan a cikin injin, ana iya dawo da shi ta sabuwar matatar iska, da wanke nozul, da fulogi na gaske, da daidaita bawul, da sabon ringi idan matsi ya zube, da komawa girman taya na asali, domin taya mai tsayi da ake sa wa Hilux don ƙawa tana rage murɗin da ke isa ƙasa. Idan aikin ya fi ƙarfin motar da gaske, mafita ita ce a nemi wadda kamfani ya fitar da turbo a jikinta, kamar Hilux mai injin 2KD ko Kanta mai turbo, inda aka auna fistin da lagireto da kuloci da giya da burki tare a kan ƙarfi ɗaya, ko kuma a raba kayan gida biyu a yi sawu biyu tsakanin Illela da Sakkwato.